Yaron da Aka Tsallake a Ajina

A shekarun da na yi ina koyar da Turanci a wata makarantar maza ta gwamnati a Tudun Wadar Zariya, babu darasin da ke cin raina kamar na ƙananan kalmomin nan masu nuna inda abu yake: in, on, under, over, behind, between. Littafi na kiransu prepositions. 'Yan aji biyu na ƙaramar sakandare kuwa ba sa kiransu komai, sai dai su zuba mini ido. In cika allo da misalai har alli ya ƙare, washegari yaro ya miƙe ya ce mini littafinsa na "in the table", ya kuma tsaya yana jiran in yaba masa.

Da na gaji sai na rage rubutu, na koma aiki da jikinsu. In jawo benci gaban aji, in kira yaro in ce under, ya shige ƙarƙashi. In ce on, wani ya ɗare sama. In ce behind, wani ya laɓe bayan ƙofa. Yaran da ba sa riƙe rubutu sai ga shi suna riƙe wannan, don yaro ba ya manta ranar da ya kwanta a ƙarƙashin benci ana ƙyalƙyala masa dariya. Ina ji da dabarar nan tawa, har malaman wasu azuzuwa kan leƙo ta taga su ga abin da ake yi.

A ajin da nake magana akwai yara biyu da suka sha bamban. Na farko ɗan ƙarami ne, gajere ƙwarai, kullum yana layin gaba, in ya zauna sosai a benci ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Yana da kai, yana kuma da saurin zuciya. Ƙaninsa da ke aji ɗaya ya riga ya kere shi a tsawo, kuma duk makarantar ta sani. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya zama soja. Tun yana firamare yake fita bakin titi kallon kurata suna gudu suna waƙa, sai wani ya gaya masa ai ana auna tsawo kafin a ɗauki mutum. Daga ranar maganar tsawo ta zama masa ciwo, ko da wasa aka taɓo ta sai an yi dambe.

Na biyun dogo ne, ƙato, ya maimaita aji, har gashin baki ya soma fito masa. Can baya yake zama ya miƙe ƙafafu a hanya. Babansa na da shagon kayan gini a Kwangila, yayyensa kuma manyan samari ne masu babura da ba a son haɗa hanya da su. Ba daƙiƙi ba ne, raini ne ya yi masa yawa. Ban taɓa son yaron nan ba, shi ma ya san haka.

Wata ranar damina, an ɗauke ruwa ke nan kwanon ajin na ɗiga, na jawo bencina na fara. Na kira ƙaramin na ce under. Ya shige ƙarƙashin benci da sauri, don irin wannan aikin nasa ne, babu mai shiga ya fita tsaf kamarsa. Na ce ya fito, sannan na kira dogon na ce over, wato ya tsallake bencin. Ƙaramin ya fito da jan ciki, yana kwance rub-da-ciki bai kai ga tashi ba. Dogon ya taho yana jan ƙafa, ya kalli benci, ya kalli yaron da ke ƙasa. Sai ya bar bencin, ya ɗaga ƙafa a hankali ya tsallake yaron daga dama zuwa hagu. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Over, Malama."

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da aka yi. Ba a tsallake yaro yana kwance, an ce ba zai ƙara tsawo ba, sai fa in wanda ya tsallake shi ya dawo ya sake tsallake shi ta inda ya fito. Can wani daga baya ya ce, "Shi ke nan, an gama da soja!" Aji ya ɓarke da ihu, ana buga tebura.

Ƙaramin bai tashi ba. Yana kwance ya ɗago kai ya ce, "Dawo ka tsallake ni."

Dogon ya ce, "Ai an gama darasi."

Na daka masa tsawa na ce ya koma yanzun nan. Ya sa hannu a aljihu. Na ɗauko tsumagiyata na zuba masa a baya, na ƙara, na ƙara, har ta tsage. Ko gezau bai yi ba, murmushi ma yake yi wa 'yan bayan aji. Ina cikin haki sai na ga ƙaramin ya zabura daga ƙasa ya cafke cinyar dogon ya kafa masa haƙori. Dogon ya ƙwalla ƙara, ya sunkuce shi ya maka da benci. Na ji ƙarar bakin yaron da katako. Kafin in raba su leɓensa ya fashe, jini na zuba a farar rigarsa, haƙorinsa na gaba ya gutsure, amma da bakin nan mai jini yake ta maimaita magana ɗaya, a dawo a tsallake shi.

Na ɗauka abin zai wuce da an kwana biyu. Ashe ban san yaron ba. Washegari da safe na tarar da shi kwance a bakin ƙofar aji, ya miƙe sambal a kan siminti mai sanyi, kansa na fuskantar inda ya fuskanta jiya, yana jiran dogon ya zo shiga. Dogon ya zo, ya dube shi, ya zagaya ya dira ta taga. Da aka tashi tara ya je ya kwanta masa a hanyar famfo. Da aka tashi makaranta ya kwanta a bakin get cikin taɓo, 'yan acaba na zaginsa. Dogon sai ya bi ta gefe yana fito.

Sai sauran yara suka mayar da abin wasa. Su gan shi kwance, wani ya taho da gudu ya tsallake shi ya arce. To waɗannan bai bar ko ɗaya ba. Zai bi yaro har bayan ajujuwa, ya shaƙe shi, ya yi ta naushi har sai yaron ya yarda ya dawo ya tsallake shi. Wani ya fasa masa hanci, wani ya yage masa wuyan riga, wani ya cije shi a kafaɗa. Kullum da sabon kumburi yake shigowa aji, ido ɗaya a rufe. Duk da haka duk wanda ya tsallake shi sai da ya mayar, in ban da mutum ɗaya da ya fi ƙarfinsa.

Na kira shi ofishin malamai na zaunar da shi. Ni 'yar gidan malamai ce daga cikin birni, na san abin da mahaifina zai ce da ya ji wannan magana, shi na gaya masa. Na ce camfi ne, tsawo na Allah ne, babu ƙafar ɗan Adam da ta isa ta hana abin da Allah ya rubuta. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa.

Sannan ya ce, "Malama, kina da yara?"

Na ce ina da su.

Ya ce, "In na zo gidanku na tsallake ƙaraminsu, za ki bar ni in tafi ban dawo ba?"

Ko a makon da ya wuce sai da na sa babbar 'yata ta dawo ta tsallake ƙaninta da ta haye a tabarma, har da ranƙwashi na haɗa mata. Na ce masa ya tashi ya koma aji.

Daga nan na kai maganar gun malamin ladabtarwa. Shi mutum ne da ya yarda babu ciwon da dorina ba ta warkarwa. Ya kira su duka biyun, ya sa manyan ɗalibai suka riƙe su a kan tebur. Ya zane dogon saboda raina malama, ya zane ƙaramin saboda faɗa, har bayan wandonsu ya yi layi-layi. Da ya gaji ya ce wa ƙaramin ya kwanta, ya ce wa dogon ya tsallake a wuce wurin. Dogon na hawaye don zafi, amma ya ƙeƙasa ƙasa.

Ya ce, "Malam, na riga na rantse da Allah a gaban abokaina ba zan koma ba. Ko za a kashe ni."

Malamin ya sake ɗaga dorina, ya sauke masa a wuya da kafaɗa har sai da na riƙe hannunsa. Muka tashi ba a tsallake kowa ba, sai ƙiyayya da ta ƙaru.

Bayan 'yan kwanaki mahaifiyar ƙaramin ta zo. Ina cikin darasi na ga mace tsaye a bakin ƙofa da hijabi ruwan toka, 'yar ƙarama ita ma. Ta yi sallama, ta gaishe ni da ladabi, ta ce yaronta ba ya cin abinci, ba ya barci, ta zo ta roƙi arziki ne. Na nuna mata dogon. Ta taka har bayan aji, ta tsaya a gabansa yana zaune, ko miƙewa bai yi ba.

Ta ce, "Ɗana, don girman Allah ka yi mishi. Me zai rage ka da shi? Ɗaga ƙafa ne kawai. Ni uwa ce, na roƙe ka."

Ya dube ta tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Inna, ai ko ba a tsallake shi ba, gado ya yi."

Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na kai masa mari da duk ƙarfina, har tafin hannuna ya yi zafi, kuma har yau ban yi nadamar marin nan ba. Matar ta gyara hijabinta ta fita, tana tafe tana share ido. Na duba layin gaba. Ɗanta na zaune ƙyam, bai yi kuka ba, bai yi zagi ba, bai tashi dambe ba. Wannan shirun ya ba ni tsoro fiye da duk faɗan da ya yi a baya. Tun daga ranar ya daina kwanciya a hanyar kowa.

A makarantarmu, in damina ta yi nisa ciyawa ta rufe fili, akan sa rana a ce kowane yaro ya zo da fartanya ko lauje daga gida a yi noma. Ranar ta zo, aka raba wa kowane aji yankinsa, ni ina tsaye da 'yan ajina a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Dogon ba ya aiki, kamar kullum. Yana tsaye ya ɗora ƙafa ɗaya a kan wani bulo yana ba abokansa labari. Ƙaramin na noma a kusa, yana matsowa kaɗan-kaɗan, kansa a sunkuye. Na gan shi, na kuma ɗauka aiki yake.

Sai ya miƙe, ya juya fartanyar, ya riƙe ƙotar da hannu biyu, ya sauke bayan ƙarfen a ƙwaurin dogon. Na ji ƙarar kamar an karya busasshen kara. Dogon ya faɗi, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, ƙashi ya turo fata, jini ya soma tsartuwa a kan ciyawa. Ihun da ya yi ya sa har masu shaguna na bakin titi suka leƙo ta katanga. Ƙaramin ya sake ɗaga fartanyar, wani babban ɗalibi ya bangaje shi ta faɗi.

Kafin in ƙarasa wurin abokan dogon sun rufe ƙaramin da duka. Da ƙafa, da ƙota, da bulo, kowa da abin da hannunsa ya kai. Ina ihu babu mai ji na. Na kutsa cikinsu na faɗa kansa na rufe shi da jikina. Wata ƙota ta same ni a gadon baya, wata a wuyan hannu, aka taka mini hijabi ya yage har kafaɗa. Ina jin numfashin yaron a ƙarƙashina, yana fita da ƙyar. Sai da malamai maza suka iso da dorina suka shiga tafkar duk wanda suka samu, sannan aka watse. Aka ɗauki dogon a motar shugaban makaranta, ni da wani malami muka ja ƙaramin zuwa ɗakin ajiyar littattafai muka kulle. Kansa ya fashe a wuri biyu, jini ya rufe masa fuska, na tsaga gefen hijabina na ɗaure masa.

Ba a jima ba muka ji ƙarar babura. Labari ya kai Kwangila. Yayyen dogon suka iso da abokansu, da gorori da sarƙar babur. Maigadi ya riga ya garƙame get, suka hau dukansa da ƙafa suna cewa a fito musu da yaron. Da aka ƙi, suka koma jifa. Duwatsu na sauka a kan kwano, gilasan tagogi na tarwatsewa, yara na ta gudu suna faɗawa ajujuwa. Wani dutse ya shigo ta tagar ɗakin da muke ya fasa wa malamin da ke tare da ni goshi. Biyu daga cikinsu suka haura katanga, suka kama wani yaro da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai shi ma gajere ne, suka yi masa jina-jina kafin a ƙwace shi. Ina durƙushe a bayan tarin littattafai na toshe wa ƙaramin baki, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sai da mai unguwa ya zo da dattawa, 'yan sanda suka biyo baya, sannan samarin suka hau baburansu suna rantsuwar za su dawo.

Aka yi zama a ofishin shugaban makaranta, aka yi wani a gidan mai unguwa. Ni aka kira ni na faɗi abin da na gani tun daga ranar benci. Wani dattijo ya tambaye ni ko a littafin gwamnati aka rubuta a dinga kwantar da yara a ƙasa, na ce a'a, a littafin gwamnati ba a kuma rubuta yaro ya zagi uwar wani ba. Shugaban makaranta ya harare ni. A ƙarshe dattawa suka kashe maganar ba a kai kotu ba, bisa sharaɗin a kori ƙaramin, a kuma hukunta shi a gaban kowa.

Ranar da aka yi hukuncin, an tara makaranta duka a filin taron safe. Aka fito da shi kansa a naɗe da bandeji, aka kwantar da shi a kan tebur. Manyan ɗalibai suka zo riƙe shi, ya ce su bari, ba zai motsa ba. Malamin ladabtarwa ya shiga zuba masa dorina. Ban ƙirga ba, na kau da kai ina kallon katanga, ƙarar kawai nake ji. Wandonsa ya tsage, jini ya fito. Yaron nan ko uffan bai ce ba, ko hawaye bai yi ba. Da aka gama ya sauko da kansa, ya tsaya yana tangaɗi, aka karanta takardar korarsa.

Ni na raka shi ta ƙaramar ƙofar baya, don ana tsoron kada a tare shi a get. Muna tafe a hankali, yana ɗingishi, jakarsa a hannuna. Da muka kai bakin lambatu ya tsaya.

Ya ce, "Malama, ƙafar tashi za ta warke?"

Zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina ashe dai ya yi nadama. Na ce masa in Allah ya so za ta warke, an kai shi wurin mai ɗori.

Ya ce, "In ta warke zai iya ɗaga ta sosai? Kamar da?"

Sai a lokacin na gane abin da yake tambaya. Ban iya yi masa ƙarya ba. Na gaya masa abin da na ji a ofis, cewa baban dogon ya kai shi garinsu can wajen dangi a yi jinya, daga nan kuma makarantar kwana zai sa shi a wata jiha, ba zai dawo Zariya ba.

Yaron da ya sha dorina bai yi tari ba, sai ga shi ya sulale ya zauna a taɓo ya fashe da kuka. Kuka sosai, na ƙaramin yaro, har da shessheƙa da majina. Masu wucewa na kallonmu. Na durƙusa ina lallashinsa, ni ma hawaye na zubo mini. Sai na ce, "Kwanta. Ni malamarsa ce, ni na kira shi gaban aji. Kwanta in tsallake ka a madadinsa."

Ya ɗago ya dube ni da jajayen idanu, ya girgiza kai.

Ya ce, "A'a Malama. Naki ba zai cire ba, ƙari zai yi."

Ya goge fuska da gefen riga, ya karɓi jakarsa a hannuna, ya ce ya gode. Ya bi gefen lambatu yana ɗingishi har ya sha kwanar da ke fita titin Kongo, kuma ban sake ganinsa ba.